Kasuwar Tsofaffin Motocin Tsere Na Turai: Gudu Daban, Farashi Daban

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2022, a ɗakin adana kayan tarihi na kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, an gudanar da wani gwanjo na sirri wanda mutane ƙalilan kawai aka gayyata, inda aka sayar da mota guda ɗaya a kan kuɗi Yuro miliyan 135, wato kimanin dalar Amurka miliyan 143 a canjin wancan lokaci. Motar, ƙirar 300 SLR ta shekarar 1955, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya tsara ta, Rudolf Uhlenhaut, ta kafa tarihin zama mota mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo.

Guda biyu rak aka ƙera irinta, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ta shiga gasa ba, domin kamfanin ya janye daga harkar tsere a ƙarshen 1955, 'yan watanni bayan mummunan hatsarin filin Le Mans na ƙasar Faransa, wanda ya halaka mutane sama da 80. Uhlenhaut ya riƙa hawan ɗaya daga cikinsu a matsayin motar zuwa aiki. Gudunta yana kaiwa kimanin kilomita 290 a sa'a guda, abin da ya zama abin mamaki a zamaninta, amma a yau akwai sababbin motoci da dama a shagunan dillalai na Turai da za su wuce ta a kan titi, alhali kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kuɗinta ba.

Wannan tazara tsakanin abin da mota za ta iya yi a kan hanya da abin da ake biya a kanta a ɗakin gwanjo ita ce ginshiƙin kasuwar baki ɗayanta. Duk ɗan kasuwar da ya dubi waɗannan motoci da idon mai sayen mota, wato ya tambayi ƙarfin inji da saurin tashi da lafiyar birki, to lissafinsa zai kuskure tun daga farko. Masu tara irin waɗannan motoci suna tambayar guda nawa aka ƙera, wace gasa ta ci, wa ya tuƙa ta, sannan ina takardun da ke tabbatar da hakan.

Jaguar da Ferrari

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tsakanin Jaguar E-Type ta ƙasar Ingila da Ferrari 250 GTO ta ƙasar Italiya, waɗanda shekara guda ce kawai ta raba fitowarsu.

An nuna E-Type a karon farko a bikin baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961. Tana da inji mai silinda shida da lita 3.8, wanda kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 265, kuma 'yan jaridar da suka gwada ta sun kai gudun mil 150, wato kimanin kilomita 240 a sa'a, ko da yake daga baya an fahimci cewa motocin gwajin sun sami gyara na musamman wanda na kasuwa ba su samu ba. Birkinta na faifai ne a dukkan ƙafafu huɗu, kuma kowace tayar baya tana motsi da kanta ba tare da ta ja 'yar uwarta ba, fasahar da a lokacin ko manyan motocin Italiya ba su da ita. Abin da ya fi girgiza kasuwa shi ne farashin: fam 2,097 ga mai buɗaɗɗen sama, wato kusan rabin kuɗin Aston Martin na wancan lokaci. A watan Afrilu na wannan shekara direba Graham Hill ya ci gasa da ita a filin Oulton Park, inda ya bar Ferrari a baya.

Masu tarihin motoci da dama suna ganin wannan barazana tana cikin dalilan da suka sa kamfanin Ferrari ya gaggauta aikin 250 GTO. Injiniya Giotto Bizzarrini ne ya fara aikin, kafin wata rigima ta cikin gida ta raba shi da kamfanin a ƙarshen 1961, sai Mauro Forghieri da maƙerin bodi Sergio Scaglietti suka ƙarasa. Motar tana da inji mai silinda 12 da lita 3, kafireta shida, giya biyar, da ƙarfin doki kimanin 300, a cikin jikin da nauyinsa bai kai tan guda ba. Gudunta yana kaiwa wajen kilomita 280. Ta fi E-Type sauƙin nauyi da fiye da kilo 300, amma ƙafafunta na baya tsohon yayi ne, a haɗe suke da sanda guda kamar na motar ɗaukar kaya. A cikinta babu kafet, babu abin toshe ƙara, ga zafin inji yana dukan ƙafar direba.

Dokar gasar ta wancan zamani ta buƙaci a ƙera guda 100 kafin a yarda mota ta shiga rukunin motocin kasuwa. Ferrari ya kafa hujja da cewa GTO ci gaba ce kawai ta wata tsohuwar ƙira da aka riga aka amince da ita, hukumar ta yarda, shi kuwa ya ƙera guda 36 kacal daga 1962 zuwa 1964. Motar ta zo ta biyu a gasar sa'a 12 ta Sebring a fitowarta ta farko, ta zo ta biyu da ta uku a Le Mans a 1962, sannan ta ciyo wa kamfanin kambun duniya na rukuninta shekara uku a jere. Ana sayar da sabuwarta a Amurka a kan dala 18,000, kuma sai wanda Enzo Ferrari ko wakilinsa na can ya amince da shi ake sayar wa.

Ke nan a 1962 kuɗin GTO guda zai sayi E-Type uku. A watan Agusta na 2014 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da GTO a kan dala miliyan 38 da dubu 100, a watan Agusta na 2018 kamfanin RM Sotheby's ya sayar da wata a kan dala miliyan 48 da dubu 400, kuma a wannan shekara ta 2018 rahotanni sun nuna cewa attajirin Amurka David MacNeil ya biya kimanin dala miliyan 70 a ciniki na bayan fage a kan wadda ta ci gasar zagaye Faransa ta 1964. E-Type mai kyau kuwa, a mafi yawan gwanjo, ba ta kai dala dubu 200. Tazarar da ta kasance ninki uku ta koma ninki ɗaruruwa, alhali bambancin gudunsu kilomita 40 ɗin nan ne na da, bai ƙaru ba.

Dalili na farko a bayyane yake. Jaguar ya ƙera E-Type sama da 70,000 kafin ya daina a tsakiyar shekarun 1970. Duk wanda ke son ta zai samu, yau ko gobe. Kyawun surarta, wanda ya sa gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya ajiye guda a 1996, bai isa ya maye gurbin ƙarancin da ba ta da shi ba. Shaida kuwa tana cikin gidan Jaguar ɗin kansa: a 1963 da 1964 kamfanin ya ƙera guda 12 masu jikin alminiyum domin su kara da GTO. Ba su kayar da ita a manyan gasa ba, amma duk da haka an sayar da ɗaya daga cikinsu a jihar Arizona a watan Janairu na 2017 a kan dala miliyan 7 da dubu 370.

Har a cikin na kasuwar ma akwai abin lura. Motocin farko-farko na 1961 suna da shimfiɗaɗɗen daɓe wanda ke takura wa dogon mutum, da akwatin giya mai taurin kai, da kujeru marasa daɗin zama. Kamfanin ya gyara daɓen tun da wuri, sauran kuma ya gyara su a ƙirar lita 4.2 ta 1964, wadda kusan duk wanda ya tuƙa su biyun zai ce ta fi. Amma a gwanjo masu shimfiɗaɗɗen daɓen ne ke da tsada, musamman ɗaruruwan farko masu makullin bonet a waje. Aibin da injiniyoyi suka yi gaggawar kawarwa shi ne ya zama alamar da masu tarawa ke nema.

Mercedes mai ƙofar fuka-fuki

Mercedes-Benz 300 SL tana tsakiyar waɗannan biyu, kuma dillalai da yawa suna ɗaukar ta a matsayin ma'aunin lafiyar kasuwar, saboda an ƙera ta da yawan da zai sa a riƙa ganin ta a gwanjo kowace shekara, amma ba yawan da zai karya darajarta ba. Dillalin kamfanin a Amurka, Max Hoffman, shi ne ya matsa a ƙera ta, aka nuna ta a New York a watan Fabrairu na 1954. Daga lokacin zuwa 1957 an ƙera guda 1,400 masu ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fuka-fukin tsuntsu, mafi yawansu kuma Amurka suka nufa. Ƙofofin ba ado ba ne: ƙashin motar na siraran bututun ƙarfe ne da suka taso sosai ta gefe, don haka babu wurin sanya ƙofa irin ta kowa. Injinta mai silinda shida yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda maimakon amfani da kafireta, yana ba da ƙarfin doki 215, kuma gwargwadon irin giyar da aka sanya mata tana iya kaiwa kilomita 260 a sa'a.

Tana da nata matsalolin. Gilasan ƙofa ba sa sauka, ciki yana zafi ƙwarai, sai an karya sitiyari ƙasa kafin direba ya zauna, kuma bayanta yana iya kubcewa idan aka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. Ƙirar da ta gaje ta mai buɗaɗɗen sama, wadda aka yi guda 1,858 daga 1957 zuwa 1963, ta magance matsalar ƙafafun baya, daga 1961 kuma ta sami birkin faifai. Duk da haka mai fuka-fukin ce aka fi nema. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tana da ikon shiga bikin Mille Miglia na Italiya, wanda a yanzu ba ya karɓar kowace mota sai irin ƙirar da ta taɓa shiga ainihin gasar tsakanin 1927 da 1957. A 1955 Ba'amurke John Fitch ya zo na biyar a wannan gasa da 300 SL ta kasuwa, a shekarar da Stirling Moss ya ci da 300 SLR, 'yar uwar motar Uhlenhaut, cikin sa'a 10 da minti 7. Ga attajirin da ke son a gan shi a cikin wannan taro, motar tikitin shiga ce, kuma tikitin yana cikin farashi.

Mai jikin ƙarfe tana canja hannu tsakanin dala miliyan guda da miliyan biyu. Guda 29 da aka yi da jikin alminiyum, waɗanda ragin nauyinsu bai kai kilo 100 ba, lissafinsu daban ne: a watan Oktoba na 2024 an sayar da ɗaya a kan sama da dala miliyan 9, bayan ta shafe shekaru aru-aru a kulle a wani filin tara mushen motoci a birnin Los Angeles, tana buƙatar gyara daga sama har ƙasa.

Aston Martin DB5 ta nuna wata hanyar daban ta samun daraja. An ƙera kaɗan fiye da 1,000 daga 1963 zuwa 1965, tana da ƙarfin doki 282 da gudun kimanin kilomita 230, wato E-Type mai rabin kuɗinta ba ta jin tsoronta a kan hanya. Fim ɗin James Bond na 1964 mai suna Goldfinger ne ya ɗaga ta, har a 2019 aka sayar da ɗaya daga cikin waɗanda aka shirya domin tallata fina-finan a kan kusan dala miliyan 6 da dubu 400. Lamborghini Miura kuwa, wadda ta fito a 1966 da inji mai silinda 12 a kwance a bayan direba, ita ce ta buɗe yayin da manyan motocin gudu suke bi har yau, kuma gudunta ya yi kafaɗa da kafaɗa da na GTO. Sai dai mai kamfanin, Ferruccio Lamborghini, maƙerin taraktoci, bai yarda da shiga tsere ba. Motar ba ta da kofi ko ɗaya na babbar gasa, an ƙera sama da 750, kuma mafi daraja a cikinsu, ƙirar SV wadda aka yi kimanin guda 150, ta tsaya a kusan dala miliyan 5 a wani gwanjo na 2024.

Porsche 911 Carrera RS 2.7 ta cancanci a ɗan dakata a kanta, domin labarinta na kasuwa ne zalla. Kamfanin yana buƙatar sayar da guda 500 domin cika sharaɗin gasa, kuma sashen tallansa yana shakkar ko za a sami masu saye. Da aka nuna ta a birnin Paris a watan Oktoba na 1972, sai ɗari biyar ɗin suka ƙare cikin 'yan makonni, aka yi ta ƙari har aka kai 1,580. Ƙarfin dokinta 210 ne kawai, amma rashin nauyi ya sa tana kaiwa kilomita 100 cikin kimanin daƙiƙa shida, gudunta kuma ya haura kilomita 240. Ƙarfin jikinta ya kai ta har gabashin Afirka, inda Björn Waldegård ya zo na biyu da ita a gasar Safari ta 1974 a ƙasar Kenya. Guda 200 daga cikinsu an cire musu kujerun baya da agogo da sauran kayan more rayuwa, kuma waɗannan tsiraran ne suka fi tsada a yau, sau da yawa ninki biyu ko fiye na masu cikakkun kaya.

Darasin 1989

Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai iya ɗauka cewa farashi hawa kawai yake yi. Tarihin ƙarshen shekarun 1980 ya nuna akasin haka.

Bayan faɗuwar kasuwar hannun jari ta watan Oktoba na 1987, masu kuɗi sun juya ga kadarorin da za su iya taɓawa da hannu. Wata guda bayan faɗuwar, kamfanin Christie's ya sayar da Bugatti Royale a Landan a kan fam miliyan 5 da rabi. Rasuwar Enzo Ferrari a ranar 14 ga watan Agusta na 1988 ta ƙara wa wutar fetur, domin an ɗauka cewa duk abin da aka ƙera a zamaninsa ya zama kayan tarihi. Bankuna sun ba da rance, 'yan kasuwar Japan da kuɗin filaye ya yi wa yawa suka shigo, mutanen da ba su taɓa buɗe bonet ba suka koma sayen motoci domin su sayar bayan wata uku. Ferrari F40, mota ta ƙarshe da Enzo ya amince da ita, mai gudun kilomita 324, wadda farashin kamfani bai kai fam dubu 200 ba, ta canja hannu a kan kusan fam miliyan guda a 1990. A 1989 wani ɗan Japan ya sayi 250 GTO a kan sama da dala miliyan 13.

Sai kuɗin ruwa a Birtaniya ya kai kashi 15 cikin 100 a watan Oktoba na 1989, kasuwar Japan ta fashe a 1990, bankuna suka nemi kuɗinsu. Kowa ya fito da motarsa kasuwa a lokaci guda, masu saye kuma suka ɓace. Wannan GTO ta ɗan Japan an sake sayar da ita a 1994 a kan ƙasa da dala miliyan 4. Ferrari, wanda da farko ya ce F40 guda 400 zai ƙera, ya ƙera sama da 1,300, abin da ya ƙara karya waɗanda suka saya da tsada. Matsin ya kai wani basaraken Ingila, Lord Brocket, ga sassare wasu motocinsa masu daraja ya ce an sace su domin ya karɓi kuɗin inshora, aka kuma ɗaure shi a kurkuku a 1996.

Motoci biyu na Ingila da suka fito a tsakiyar wannan rikici sun zama abin kwatance. Jaguar XJ220 an nuna ta a 1988 da alkawarin inji mai silinda 12 da jan ƙafa huɗu, mutane suka yi layi suna ajiye kafin alƙalami na fam dubu 50. Da ta fito a 1992 sai ga ta da silinda shida da jan ƙafa biyu, farashinta kuma ya haura zuwa fam dubu 470. Gudunta ya wuce kilomita 340, ta fi kowace motar kasuwa ta lokacin, amma masu oda da dama suka nemi janyewa, aka kai ga kotu, aka ƙera ƙasa da 300, wasu kuma suka yi shekaru a shago kafin a sayar da su da ragi mai yawa. McLaren F1, wadda Gordon Murray ya tsara da kujerar direba a tsakiya, ita ma ta sha wuyar samun masu saye, guda 106 kawai aka yi. Amma ta ci Le Mans a shigarta ta farko a 1995, a 1998 kuma ta kai gudun kilomita 386. A watan Agusta na 2021 an sayar da guda a kan dala miliyan 20 da kusan rabi, alhali XJ220 ba ta cika kai dala miliyan guda ba. A nan gudun ya taimaka wa McLaren, sai dai kofin Le Mans da sunan da ba a ɓata ba su ne suka yi babban aikin.

Takardu da jabu

Inda 'yan lambobin da aka buga a jikin ƙarfe za su iya ninka farashi sau goma, dole a sami masu buga lambobin. An sassare Ferrari 250 GTE masu kujeru huɗu da yawa, waɗanda injinsu ɗan gida ɗaya ne da na GTO, domin a ɗora musu jikin GTO. Muddin an faɗi gaskiya wajen sayarwa wannan ba zamba ba ce, amma ba kullum ake faɗa ba. Haka kuma abu ne mai sauƙi a mayar da Porsche 911 ta gama-gari ta 1973 ta yi kama da Carrera RS. A watan Mayu na 2023 masu bincike a Jamus sun kai samame wani fitaccen garejin gyaran 300 SL da ke kusa da Stuttgart, bisa zargin samar da motoci biyu masu lambar shasi guda.

Saboda haka ne kamfanonin da kansu suka shiga sana'ar tantancewa. Sashen Ferrari Classiche yana binciken mota ya kwatanta lambar shasi da ta inji da ta akwatin giya da abin da ke cikin kundin masana'anta, sannan ya ba da jan littafin shaida. Mercedes da Porsche da Jaguar su ma suna ba da takardun da ke nuna yadda mota ta fito daga masana'anta. Motar da ke ɗauke da injin da aka haife ta da shi ta fi wadda aka canja wa, ko da sabon injin ya fi lafiya.

Abin mamaki, hatsari ba ya karya daraja idan tarihin a rubuce yake. GTO ɗin da Bonhams ya sayar a 2014 ita ce wadda Henri Oreiller, tsohon zakaran wasan zamiya a kan ƙanƙara na Faransa, ya rasa ransa a cikinta a filin Montlhéry a watan Oktoba na 1962. Masana'antar Ferrari ce ta sake gina ta, daga 1965 kuma ta zauna a hannun iyali guda na Italiya har shekara 49. Wannan zama a hannu ɗaya, ba tare da giɓi a tarihinta ba, yana cikin abin da aka biya.

Akwai kuma kashe-kashen da kanun labarai ba sa ambata. Farashin da ake sanarwa ya haɗa da la'adar da mai saye ke biyan kamfanin gwanjo, wadda a manyan gwanjon Amurka takan kai kashi 10 zuwa 12 cikin 100, don haka dala miliyan 48 da dubu 400 na 2018 asalinsu miliyan 44 ne da aka buga guduma a kai. Motar ba ta biyan haya, ba ta raba riba a ƙarshen shekara kamar hannun jari. Ita ce ma ke cin kuɗin inshora da na ɗakin ajiya mai daidaita zafi da laima, da na ƙwararrun makanikai waɗanda ba su da yawa. Ajiya ba tare da tuƙi ba tana lalata robobi da birki, kuma tankunan roba na F40 ƙirar Turai sai an canja su duk bayan kimanin shekara 10, ko an hau motar ko ba a hau ba. Abin da ke ɗan rage nauyin a Birtaniya shi ne ba a karɓar harajin riba a kan sayar da motar hawa ta mutum, sassaucin da hannun jari ba su da shi.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya akwai ƙarin shinge biyu. Dokokin kwastan sun hana shigo da motocin da suka wuce wasu ƙayyadaddun shekaru, kuma tun bayan da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, motoci masu sitiyari a dama irin na Ingila ba su da gurbi a titunanta. Wanda ya zuba kuɗi a wannan harka zai ajiye kadararsa ne a Turai ko Amurka, yana biyan ɗawainiyarta da kuɗin waje.

Kasuwar ta sake yin tashin gwauron zabo bayan annobar korona. Jimillar cinikin makon gwanjo na Monterey a jihar Kalifoniya, wanda shi ne mafi girma a shekara, ta kai kimanin dala miliyan 470 a 2022, sannan ta sauka zuwa wajen miliyan 400 a 2023 yayin da kuɗin ruwa ya hau. Dillalai sun kuma lura da cewa sababbin masu kuɗi sun fi karkata ga motocin shekarun 1980 da 1990, waɗanda suka taso suna ganin hotunansu, abin da ya ɗaga F40 sama da matsayinta na 1990, ya kuma bar motoci irin su E-Type da DB5 suna jan ƙafa.

A cikin wannan yanayi ne RM Sotheby's ya fito da wata GTO a New York a watan Nuwamba na 2023. Wani attajiri daga jihar Ohio ne ya saye ta a 1985 a kan kimanin dala dubu 500, ya riƙe ta shekara 38, ya ratsa hauhawar 1989 da faɗuwar da ta biyo baya bai sayar ba. An buga guduma a kan dala miliyan 47, wato miliyan 51 da dubu 700 idan aka haɗa da la'ada, ribar da ta yi daidai da kashi 12 zuwa 13 cikin 100 a kowace shekara kafin a cire kuɗin ɗawainiya. Duk da haka cinikin bai kai dala miliyan 60 da kamfanin ya yi hasashe ba. Motar dai ƙungiyar tseren Ferrari da kanta ce ta yi gasa da ita, har ta zo ta biyu a tseren kilomita 1,000 na Nürburgring a 1962, amma a lokacin inji mai lita 4 ne a cikinta, sai daga baya masana'anta ta mayar da ita mai lita 3, kuma wasu masu tarawa ba sa lissafa ta a cikin guda 36 na asali.